Yadda za ka tada tsohon injin matsi na Amurka ka kafa mishi tebur mai ƙarfi

Wani lokaci in ka shiga kasuwar Katako ta Yamai ɓangaren masu tsofaffin ƙarafa, ko wajen masu buɗe kwantenar kayan gwanjo da ke shigowa daga Amurka, za ka iya cin karo da wani guntun inji mai nauyin tsiya, kore ko ja ko ruwan lemu, da dogon hannu guda mai ƙwallo a kai, in ka ja hannun ƙasa sai wani sandan ƙarfe mai sulɓi ya taso sama. Ba kullum ake samunshi ba, kuma sau da yawa mai kayan kanshi bai san ko na mi ne ba, sai ya aza shi a sikeli ya yanka mishi kuɗin kilo kamar sauran tarkace.

Injin nan a can Amurka maharba da masu wasan harbi ke amfani da shi a gida suna sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba, dokarsu ta yarda da haka, har shaguna gare su na kayan. A nan Nijar ba haka ba ne, kuma gara in faɗa tun da wuri. Riƙe bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, balle a ce kana haɗa shi a ɗaka, ƙasar nan tun 1994 take da hukumar tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba, wato CNCCAI, ga kuma halin tsaron da kowa ya sani. Saboda haka ba maganar albarushi ko harsashi za ka samu nan ba. Abin da ya dame ni shi ne ƙarfen kanshi, don in ka cire aikin da aka yi shi dominsa, abin da ya rage injin matsi ne mai tafiya daidai ba karkata, wanda baduku, mai ɗinkin tanti, mai takalma ko mai gyaran ƙananan injuna zai ji daɗinshi shekaru. Mutane na ɓata shi ne ta wuri biyu, wajen cire tsatsa da wajen teburin da suke ɗora shi, nan zan fi daɗewa.

Gane abin da ke hannunka tukuna

Launi ma yana ba da labari. Kore yawanci RCBS ne, kamfanin da Fred Huntington ya kafa a 1943 a garin Oroville na jihar Kalifoniya, kuma injinsu da ya fi suna shi ne Rock Chucker da ya fito a 1967. Redding ma kore ne. Ruwan lemu Lyman ne na jihar Konetikat, su ne suka saye tsohon kamfanin Ideal a 1925, wanda John Barlow ya fara tun 1884 da wasu kayan hannu masu kama da awartaki. Ja ko dai Lee ne, na Richard Lee da ya fara a 1958 a Wiskonsin, ko Hornady wanda ya saye kamfanin Pacific a 1971. Shuɗi sabo-sabo mai tarkace da yawa a kai Dillon ne, wannan bar shi, ya cika sassa, ba zai yi maka aikin fata ba. Akwai kuma Herter's na Minesota, manya masu nauyi, su ba kyan gani amma ƙarfe ne na gaske. Sunan yawanci a jikin ƙarfen aka zuba shi, goge dattin da tsumma ka gani. Wasu tsofaffin RCBS in ka duba sama kusa da ramin za ka ga lamba biyu an buga, shekarar da aka yi shi ke nan.

Sai siffa. Akwai mai buɗaɗɗen gaba kamar harafin C, akwai mai zagaye rufe kamar harafin O. Masu tara irin kayan nan a can sun fi son O don ya fi ƙarfi, ba ya buɗewa in an matsa da yawa. Ni kuwa in aikin fata ko tanti za ka yi na fi son C, don gaban a buɗe yake, za ka iya zura bakin jaka ko bakin tanti ka ja shi gefe kana buga ido, wato ƴan zobban ƙarfen nan da ake sawa a hujin fata ko tanti, a O kuwa sai abin da ya shiga tagar. In kuma ƴan ƙananan zobba da fil za ka dinga dannawa cikin ƙarfe, O ɗin ne naka.

Tafi da mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar sifika. In ya kama jikin injin, ƙarfen zubi ne. In bai kama ba alminiyam ne, da yawa daga na Lee haka suke, ba laifi gare su ba amma maganin tsatsar da zan kawo a gaba ba nasu ba ne, zai ci su.

Kafin ka ba da kuɗi

Abu na farko tsaga. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake, kuma kaya da suka sha jifa a kwantena da bayan kamiyo sai ka duba da kyau. Wuraren da yake tsagewa sananne ne, kunnuwan da ake ɗaure shi a tebur, wuyan C ɗin daga ciki, da wajen da hannun ke shiga. Ɗaga shi da igiya ko ka riƙe ta sama ka ɗan ƙwanƙwasa da kile, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ka ji ƙwaf kawai. In kana shakka shafa kananzir a wurin, goge ya bushe, ka goga alli, ka jira kaɗan, in akwai tsaga man zai fito ya zana layi a cikin allin. Mai tsaga a wuya kar ka saya ko nawa ne. Za a ce maka ai mai walda zai kama, to waldar ƙarfen zubi sai da sandar nikel da zafafa ƙarfen kafin a fara da barinshi ya huce sannu a cikin toka ko yashi, kuma ko an yi daidai wurin da ke ɗaukar nauyi ba ya komawa yadda yake. Kunne guda da ya ɓalle kuwa ana iya zama da shi.

Na biyu sandan nan mai hawa da sauka. In yana motsi, tada shi har sama ka kama kanshi ka girgiza hagu da dama. Ɗan motsi kaɗan ba komi, amma in yana kaɗawa har kana jin ƙas ƙas ramin ya cinye, idon da za ka buga zai dinga fitowa a karkace. In ya maƙale gaba ɗaya don tsatsa wannan bai tada hankali ba, ma dalili ne na rage kuɗi. Na uku ramin sama mai haƙoran murɗi, leƙa da fitilar waya ka ga haƙoran ba su murje ba.

Sai abin da ya fi duka muhimmanci. Wasu injinan suna zuwa da wani ɗan hannu ƙarami a gaba da siririn bututu, nan ne ake zuba ƴan hulunan nan masu tada wuta a gindin harsashi. Yana yiwuwa wasu sun saura ciki tun shekaru, kuma tsufa bai kashe su. Kar ka buga wurin da guduma, kar ka kai wuta kusa, kar ka zura waya kana tsokana. In ka ga wani abu mai kama da haka, ko kwanso, ko sauran kayan cika harsashi a cikin kwalin, bar wa mai kayan ka gaya mishi ya kai kwamisariya ko wajen jandarma, kai gangar injin da hannunshi kaɗai kake so. In ma daga waje za a aiko maka, tambayi duwan tukuna kafin kaya su taso, kar ka tsaya yin bayani a shingen bincike.

Kwancewa

Ɗauki hoto ta kowane gefe kafin ka taɓa komi, musamman ƙasa wajen da ƴan ƙarafa biyu ke haɗa hannun da sandan, don suna da gaba da baya kuma bayan sati ba za ka tuna ba. Wanke shi da gazwal da tsohon buroshi a waje, sa safar hannu, baƙin dattin nan da ya taru cikin ramin sandan akwai darma a ciki daga aikin da ya yi a da, tsohon fentin ma yana iya ƙunsar darma. Shi ya sa ba a kankare shi a bushe ƙura na tashi, ba a yi kusa da yara ko wajen girki, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu ko ka kama kofin shayi.

Ka sani duk ƙusoshin jikinshi da awon inci aka yi su, namu kuwa na milimita ne. Kile 13 zai yi kamar ya shiga kan noti na rabin inci amma da ɗan sako-sako, ka matsa ya murje kan. Ƴan makullan nan masu kusurwa shida ma haka. Nemi na inci wajen makanikai masu gyaran tsofaffin Land Rover ko injunan Amurka, ko ka yi da kile mai daidaitawa ka matse shi sosai. Kuma kar ka yar da ko ƙusa guda, samun madadinta a Yamai wahala ne. Gwangwanin madara ɗaya, komi a ciki.

Fil ɗin da ke riƙe da hannun yawanci wani ɗan zobe ne ke tsare su ko ƴar ƙusa a gefe, cire wannan tukuna sannan ka tura fil ɗin da guntun tagulla ko katako mai tauri. In sandan ya ƙi fita, haƙuri ne maganinshi. Haɗa gazwal da man inji, zuba ta sama da ƙasa, ajiye shi a rana ya sha zafi, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara. Kullum aza guntun katako a kan sandan ka ɗan buga kaɗan ka gwada murɗawa. Guduma kai tsaye a kan sandan tana buɗe bakinshi ya yi fadi, daga nan kuma ba zai bi ramin ba sam.

Tsatsa

Nan ne ake kashe injin. Mutum ya ga ja a jiki sai ya kai wa mai walda ya bi shi da injin gurza, cikin minti goma ya fito fes yana ƙyalli, an gama da shi. Tsakanin sandan da raminshi tazarar ba ta kai kaurin takarda ba, ita ce dukan darajar injin, duk abin da ka gurje daga nan ba ya dawowa. To sandan da ramin da fil, injin gurza ba ya zuwa kusa da su.

Sandan in tsatsar sama-sama ce, samfefa mai laushi lamba 400 ko 600 da man inji ta isa. Yanke ta tsiri, naɗa a jikin sandan ka ja gefe da gefe kana juya shi don kar wuri guda ya fi cin wani. Ja kawai kake son ya tafi. Ƴan ramukan da tsatsa ta bari baƙi-baƙi bar su, ba sa hana komi, mai ma suke riƙewa. Ramin kuma naɗa tsumma mai mai a sanda ka bi, in ya yi tsanani ka sa ƴar samfefar sau kaɗan.

Gangar jikin akwai hanya biyu. Mai sauƙi binega ce, a nutsa ƙarfen ciki, amma binega ba ta san tsatsa da lafiyayyen ƙarfe ba, duka take ci, sai ka dinga dubawa bayan ƴan awoyi kana gogewa da buroshin waya, kar ya wuce kwana guda, in ka fitar ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin.

Wadda na fi so ita ce ta wuta da ruwa, don tsatsar kaɗai take ɗagawa. Samu bokitin roba babba, ba na ƙarfe ba. Zuba ruwa kamar lita 10 ka narka sodar wanki cokali uku na cin abinci. In babu, kanwa na yi, don gishirin da ke cikinta danginsu ɗaya, daka kamar cikin hannu guda ka jiƙa ka tace yashin. Gishirin miya kuwa kar ka sa, yana fitar da iska mai guba. Jera guntayen rodi uku ko huɗu a tsaye kewaye da bakin bokitin daga ciki, haɗa su da waya ta sama. Aza katako a bakin bokitin ka rataye gangar injin da wayar ƙarfe a tsakiya, ta nutse amma kar ta taɓa rodin ko kaɗan. Sai cajar batirin mota mai bolt 12, irin tsohuwar nan mai nauyi, don sababbin masu wayo in ba su ji batir ba ba sa ba da wuta. Baƙin baki a jikin wayar da ke riƙe da injin, jan baki a kan rodi, kuma jan ya tsaya sama kar ya taɓa ruwa in ba haka ba zai cinye. Ka maimaita wannan a ranka, baƙi ga injin, ja ga rodi. In ka juya su injinka ne zai narke rodin ya yi kyau.

Ka haɗa komi tukuna sannan ka sa cajar a kuran. Minti kaɗan za ka ga ƴan kumfa na tashi daga jikin ƙarfen, zuwa can saman ruwan ya yi wani jan datti mai kauri, aiki na tafiya ke nan. Kumfar nan iska ce mai kama wuta, don haka a tsakar gida ake yi, ba a ɗaki ba, ba taba ba murhu kusa, kuma cire cajar daga kuran kafin ka sa hannu. Kar ka yi amfani da ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa a madadin rodi, irin na cokula da tukwanen zamani, yana sa ruwan ya zama guba. Sifirin da duk wani abu na alminiyam su ma ba sa shiga. Daga yamma zuwa safe yawanci ya isa, in kuran ya ɗauke ba abin da ya lalace, ya dawo ya ci gaba. Gefen da ke kallon rodi ya fi saurin fita, sai ka juya shi sau ɗaya. Ka sani fentin ma zai tashi, in kana son tsohon launin ya zauna kuma tsatsar ba ta yi yawa ba, tsallake duk wannan ka tsaya ga gazwal da buroshi.

In ka fitar za ka gan shi baƙi ƙirin, goge da buroshin waya a ƙarƙashin ruwa sai launin toka ya fito. Daga nan sauri ake, don ɗanyen ƙarfe cikin minti kaɗan yake fara ja. Tsane da tsumma, aza a kan kwano ko siminti a rana, ranar Yamai kafin ka sha ruwa ta busar da shi har cikin ramuka. Yana da ɗumi ka shafa mai a ramin sandan da haƙoran sama da ramukan fil, ka toshe su da takarda, sauran jikin ka goge da isansi ka shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe ka bi da launin da kake so shafi biyu marasa kauri. Da hunturu kar ka yi fenti a fili ranar da ƙura ta taso, sai ya fito kamar samfefa. Bar shi kwana biyu uku kafin ka haɗa. Wajen haɗawa giris kaɗan a fil, man inji mara kauri a sandan. In ka saki hannun daga sama ya kamata ya sauka da kanshi ko da ɗan taɓi.

Teburin

Injin kilo 7 zuwa 10 ne kawai, mutum sai ya ce kowane tebur ya ɗauka. Ba nauyinshi ne matsalar ba. Yana zaune ne a bakin tebur, hannun ya fito waje, duk lokacin da ka danna kana ƙoƙarin karya bakin teburin ne kana kuma ɗaga bayanshi sama. Tebur mai rawa yana shanye rabin ƙarfinka, kuma ba za ka ji a hannunka lokacin da idon ya zauna ba, sai ka ƙara dannawa ka fasa shi. Na ga inda aka ɗaura irin wanga a teburin cin abinci na farin katako, ba a jima ba bakin ya tsage bin tsawon katakon, injin ya faɗo kunne guda ya tafi.

Girma ba sai ya yi yawa ba, santimita 120 tsawo da 60 faɗi ya wadatar. Tsayi in a tsaye za ka yi aiki 90 zuwa 95, amma gwada da jikinka, aza injin a kan wani abu ka kai hannun har ƙasa, in sai ka sunkuya kafin ya ƙare tafiyarshi teburin ya yi gajere, bayanka zai gaya maka bayan ido ɗari biyu. Ƙafafu in na katako ne jan katako mai kauri 8 da 8, a haɗa da bulon mai ratsawa, ƙusa sakewa take da girgiza. In na ƙarfe ne mai walda ya yi maka da ƙarfe mai kusurwa na 40 ko 50, kauri milimita 4, ya sa ƙarfe a gicciye a baya da gefe biyu, wannan gicciyen shi ke hana rawa, kar ya ce maka ba sai an sa ba. A garin nan da gara ba ta barin katako ni na fi karkata ga ƙafar ƙarfe, in kuma katakon ne to shafa wa gindin baƙin mai ka aza kowace ƙafa a kan guntun tayil.

Saman kuwa katako ne ya fi, kauri kamar santimita 4 zuwa 5. Hanya mai sauƙi falle biyu ko uku na kontirplake mai milimita 18, a shafa gam a tsakani a matse da sukurori, ya fi katako guda ɗaya don ba shi da layin da zai bi ya tsage. Bakin gaba kar ya fito fiye da santimita 3 ko 4 daga ƙarfen da ke ƙarƙashi.

Wurin zaman injin kusa da ƙafa, ba tsakiyar tebur ba. Mai aiki da dama ya sa shi wajen ƙafar dama ya bar hagu don kaya, bahago ya juya. Kafin ka huda komi kama shi da matsi na wucin gadi ka kai hannun sama da ƙasa har ƙarshe, don ƙarafan ƙasa suna lilo su shiga ƙarƙashin teburin, sau da yawa suna bugun katakon gaba, gara ka gani yanzu ka ɗan fafe wurin. In ya wuce lafiya sa alama ta cikin ramukan kunnuwan ka huda. Bulon na 8 ko na 10, wanda ya shiga ramin ba tilas, kar ka faɗaɗa ramin injin don bulon ya shiga. A ƙarƙashi sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 wanda ya fi gindin injin faɗi, bulon ɗin su ratsa shi, shi zai raba nauyin. In babu faranti to manyan wasa masu faɗi, ƙananan nutsewa suke cikin katako. Ka tabbata gindin ya zauna daram ba gibi, sannan ka ɗaure kaɗan nan kaɗan can har su kama tare. In ka ƙulle gefe guda tam alhali ɗayan na sama, kunnen ne zai ɓalle.

Saura hana teburin ɗagowa ta baya. In ginin siminti ne kuma gidanka ne, ƙarfe mai kusurwa biyu a baya a ɗaure da bango, magana ta ƙare, sai dai ka nemi wurin da bulo yake cike don mai rami ba ya riƙe ƙusa. Bangon laka kuwa kar ka wahalar da kanka, zai zare. Nan da gidan haya dabara ɗaya ce, yi shimfiɗa a ƙasan teburin ka ɗora buhun yashi ko bulo biyar shida can baya. Ƙasan ɗaki in ba daidai ba sa ƴan guntayen ƙarfe ƙarƙashin ƙafar da ke rawa, kwali da roba matsewa suke.

Mayar da shi na aikinka

Ramin sama kusan duka kamfanonin nan awo ɗaya suka bi, inci 7/8 da haƙori 14 a kowane inci, wato faɗi milimita 22.2, tazarar haƙori kusan 1.8. Rubuta wannan a takarda ka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe, ka ma tafi da injin gaba ɗaya. Zai iya ce maka ai bulon na 22 ne, a'a, na 22 zai shiga zagaye ɗaya biyu ya cije, in aka tilasta haƙoran sun tafi. Yawancin injunan sassaƙa suna yanka haƙorin inci, sai dai a canja saiti. A Rock Chucker ramin wani zobe ne da ake iya kwancewa, in ka cire shi akwai babban rami na inci 1 da kwata, amma ba ka buƙatarshi.

Abin da zai yi maka guda biyu ne. Na sama guntun ƙarfe mai tsawon santimita 7 ko 8 da haƙoran nan a jiki, da noti nashi na kullewa, a ƙasanshi rami daidai kaurin abin buga idon da kake da shi, da ƴar ƙusa a gefe mai riƙewa. Na ƙasa ɗan dandamali da zai zauna a kan sandan. Kan sandan yana da wata tsaga da ake zura abu ta gefe, sai ya auna ta ya yi gindin daidai, saman kuma ya fafe shi yadda mazaunin idon zai zauna. Tsofaffin Herter's da Pacific da wasu Lyman kan sandansu daban yake, shi ya sa na ce ka tafi da injin. Kawunan buga ido da maɓalli da ribit kuwa irin waɗanda masu kayan ɗinki da na takalma ke sayarwa ne, saya su tukuna a yi awon a kansu.

Saiti shi ne daɗin abin. Kai hannun har ƙasa sandan ya tsaya a ƙarshen tafiyarshi, murɗo na sama har ya taɓa, ka ɗan mayar baya. Gwada a guntun fatar da ba ka so, in idon bai kama ba ƙara kwatan zagaye, sake gwadawa, har bakin ya naɗe lafiya bai tsage ba fatar kuma ba ta yanke ba. Nan sai ka ƙulle notin. Daga nan ko ɗari biyar za ka buga duka iri ɗaya za su fito, ko yaron shago ne ya ja hannun, abin da guduma ba ta taɓa ba ka. Ƙarfin injin yana can ƙarshen tafiyar hannun, don haka a saita aikin ya faɗo daidai nan. In ka canja kaurin fata sai ka sake saiti. Tambarin shago ma yana bugawa a fatar da aka jeme da bagaruwa, ɗan jiƙa ta, danna ka riƙe kamar daƙiƙa goma, amma tambarin kar ya wuce santimita 3, babba yana son ƙarfin da ya fi na injin.

Kar ka zura bututu a hannun don ƙarin ƙarfi, in abu ya ƙi da hannun da aka yi mishi to ba aikinshi ba ne, kai shi gareji wajen babban matsi. Yatsu kuma a kula, hannu guda na riƙe fata ɗayan na ja, kuma in ka tashi ɗaure hannun injin da igiya don yara na son lilo da shi.

Kulawa ba ta da yawa. Ƙura ce abokiyar gaba, in ta haɗu da giris sai ta koma abin gurza, shi ya sa sandan mai mara kauri kaɗai ake sa mishi, a goge da tsumma kafin aiki a ɗiga sabo, in an gama a kifa mishi tsohon buhu ko ƙafar wando. Da damina ƙara yawan shafawa. Katakon saman kuma yana ƙanƙancewa in iska ta bushe, bulon ɗin da ka ɗaure tam a watan Agusta za ka same su sako-sako a Janairu, sai ka bi su da kile, da na ƙafafun ma.